Saitin atomatik ko na hannu: wanne ya fi dacewa da lasifikokin falo?

Tambaya

Assalamu alaikum. Risiba ce (na'urar da ke raba wa lasifikoki sauti) Denon mai Audyssey (tsarin saitin atomatik da ke auna ɗaki da makirufo), lasifika biyar da wufa (lasifikar bes, wato sauti mai kauri) ɗaya. Falon mita 5 ne da 4, ƙasa tayil, bango siminti. Da aka gama saitin atomatik sai bes ya ragu, muryoyi suka yi siriri. A bar wa na'urar ne, ko a koma saitin hannu?

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a ga laifin na'urar, a duba yadda aka yi awon. A ɗora makirufon kan sandar kyamara mai ƙafa uku, daidai tsayin kunnen mai zaune, bakinsa na kallon silin. Ba a riƙe shi a hannu. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, in kuma janareta na ruri a bayan gida, a jira ya yi shiru. Awon farko a inda kake zama, sauran kada su wuce santimita 60 daga nan.

Bayan an gama, sau da yawa za ka tarar an sa lasifikokin gaba a Large, wato su ɗauki bes da kansu. Mayar da su Small, kurosoba (iyakar da sautin da ke ƙasa da ita ke komawa wufa) 80 Hz (yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa), wufa ya ɗauki nauyin bes. Nisan wufa da na'urar ta rubuta kuwa kan fi na tef ɗin awo, kada ka taɓa shi: jinkirin da ke cikin wufan ne ta lissafa.

Amsa ta 2

Matsalar ɗakin ce, ɗan'uwa. Sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa. Raba shi da ninkin tsawon falon, 343 ÷ 10, ka samu kusan 34 Hz. Faɗin kuma ya ba da 43 Hz. A nan bes ke taruwa jikin bango, ya ɓace a tsakiyar ɗaki. Inda ya yi tudu, na'ura na iya aske shi. Inda ya yi rami kuwa, ko ka ƙara desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 6, wato ƙarfin amfilifaya ninki huɗu, ramin na nan, don sautin da bango ya dawo da shi ne ke kashe na lasifikar. Maganinsa matsar da kujera ko wufa. Ɗora wufan a mazauninka, kunna waƙa mai bes, ka bi gefen bango a durƙushe har ka ji inda ya fi daidaita. Nan ne wurinsa. Sannan ka sake awo.

Amsa ta 3

Saitin hannu da kunne kawai yaudara ce, kunne kan saba da kuskure cikin mintuna. In za a yi, a yi da REW, manhajar awon sauti ce kyauta, da makirufon awo irin UMIK-1. Ni dai shawarata a haɗa biyun: da manhajar MultEQ Editor, ta kuɗi ce, a tsayar da gyaran Audyssey a wajen 300 zuwa 500 Hz, kada ya taɓa sautin da ke sama da haka. Sama da nan, kafet mai kauri da labule sun fi kowace manhaja maganin amsa-kuwwar tayil. In bes bai ishe ka ba, ƙara wa wufa desibel 2 ko 3 daga risiba, ba daga maɓallin bayansa ba.