Neman kalmar Hausa ga kyamarar da ake kira "mirrorless"

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'ar hoto da malamanmu na harshe. A makon jiya na raka wani ƙanena wani shago a nan cikin garin Sakkwato domin ya sayi kyamarar da zai riƙa ɗaukar hotunan biki da suna, sai mai shagon ya ajiye masa guda biyu a kan kanta. Ɗaya Canon 5D Mark III ce wadda ta ga jiya, ƙirar shekarar 2012, ɗayar kuma sabon zubi ce ƙarama, wadda kuɗinta ya haura ninkin na farkon. Da muka tambayi dalilin wannan rata, amsar da aka ba mu ita ce wai ƙaramar "mirales" ce, kamar dai wannan kalmar ita kaɗai ta isa hujja. Tun daga ranar nake neman sunan da za mu kira ta da shi da Hausa, wanda mai saye zai ji ya gane abin da ake karɓar kuɗinsa a kai.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san halittarsa. A tsohon zubi, wanda ake kira DSLR, haske yana shigowa ta gilashin gaba ya tarar da wani ɗan madubi a karkace a cikin kyamarar, madubin ya tura shi sama zuwa tagar da mai hoto yake leƙawa. Idan ya danna maɓalli, madubin yakan ɗaga sama ya ba da hanya, marfi ya buɗe, hasken ya sauka a kan faifan da ke kama hoto, kuma wannan motsin ne yake ba da ƙarar nan da kowa ya sani a wurin ɗaurin aure. A sabon zubi an cire madubin baki ɗaya, haske yana sauka a kan faifan ba tare da shamaki ba, abin da mai hoto yake gani a tagar leƙe kuwa hoto ne da wani ƙaramin allo yake nuna masa. Panasonic ne ya fara fitar da irinta a 2008, Sony ya biyo da a7 mai babban faifai a 2013, sannan Canon da Nikon suka shigo da nasu masu babban faifai a 2018.

Sunan da ya fara zuwa bakin kowa shi ne "marar madubi". Wani dattijon mai hoto, wanda ya fara sana'a tun zamanin da ake wanke fim a ɗakin duhu, ya ƙi amincewa da shi, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce a bakin mutanenmu madubi yana iya zama kowane gilashi da ake dubawa, har wasu suna kiran gilashin gaban kyamara da wannan suna, don haka wanda aka ce masa kyamara ba ta da madubi zai zaci an sayar masa da gangar jiki ba ido. Wani matashi mai shago kuma ya kawo nasa ƙorafin, cewa kalmar "marar" a Hausa kalmar rashi ce, kamar a marar lafiya da marar kunya, ta yaya za a laƙaba wa kaya mai tsada sunan da ke nuna ya rasa wani abu?

Na karɓi hujjar dattijon, amma ta matashin ni a wurina yabo ce ga kalmar. Gaskiyar magana ita ce cire wani abu aka yi, kuma abin da aka cire bai taɓa sa hannu a cikin hoto ba, tunda a daidai lokacin da ake ɗauka madubin ya riga ya kauce. Kyawun hoto yana fitowa ne daga girman faifai, da ingancin gilashi, da hannun mai ɗauka. Canon 5D Mark II, wata tsohuwar mai madubi wadda ta fito a 2008 a kan dala 2,699, tana da faifai mai milimita 36 a 24 da ɗigo miliyan 21, alhali hoton da za a buga tas a kan takarda mai inci 8 a 12 bai buƙaci ɗigo miliyan 9 cikakke ba. Yau ana sayar da wadda aka yi amfani da ita a kan ɗan kaso kaɗan na wancan farashi, kuma amaryar da ta buɗe kundin hotunanta ba za ta iya cewa da wace iri aka ɗauke ta ba.

Wannan ba ya nufin ƙarin kuɗin na banza ne. Sababbin suna kama ƙwayar idon mutum su bi ta ko da yana motsi, abin da duk wanda ya taɓa bin mahayin doki ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Musulmi ya san darajarsa. Suna iya ɗauka shiru ba ƙara, suna nuna maka hasken hoto ko duhunsa kafin ka danna, kuma a bidiyo sun yi wa tsofaffin fintinkau. Sai dai suna shan batir, domin allo da faifai kullum a kunne suke. A gwajin da masana'antu suke amfani da shi, Nikon D750 ta 2014, mai madubi, tana ɗaukar hoto 1,230 da caji ɗaya, a7 ta farko kuwa ba ta kai 400 ba, kodayake na baya-bayan nan sun rage wannan tazara. Ga kuma ƙura: da yawa daga cikinsu idan aka cire gilashi faifan yana nan tsirara, kuma wanda ya san hazon hunturun Sakkwato ba ya buƙatar ƙarin bayani.

An kawo wasu sunaye. "Mai gani kai-tsaye" ya yi daɗin faɗa, amma kunne zai kai shi ga watsa shiri kai-tsaye a rediyo ko Facebook. "Mai idon lantarki" ya bayyana tagar leƙen da kyau, sai dai ya fi dacewa da kyamarar tsaro da ake kafawa a jikin bango. "Sabon yayi" suna ne da ke tsufa kafin mai shi. Ita kuwa "mirales", da wasu ke cewa a bar ta ta zauna kamar yadda kwamfuta da rediyo suka zauna, matsalata da ita ita ce ba ta gaya wa Bahaushe komai, kuma na ga da idona yadda wannan duhun yake yi wa mai sayarwa aiki.

Abin da na tsaya a kai shi ne "marar madubin ciki" ga sabuwa, da "mai madubin ciki" ga tsohuwa. Ƙarin kalmar "ciki" ya warware damuwar dattijon, domin ya raba wannan madubin da gilashin gaba, sannan sunayen biyu suna tafiya tare, jin ɗaya yana bayyana ɗayan. Na san kasuwa za ta datse su su koma mai madubi da marar madubi, kuma ban ga laifin hakan ba muddin cikakken sunan yana nan a rubuce.

Akwai kalma ta biyu da ta taso a cinikin nan, wato "shutter count", yawan buɗewa da rufewar da marfin kyamara ya yi tun fitowarta. Na ba da shawarar "adadin ƙiftawa", tunda aikin marfin bai bambanta da na fatar ido ba. Mai sayen rago a Kara yakan buɗe baki ya duba haƙori kafin ya taya, haka ya kamata mai sayen tsohuwar kyamara ya nemi wannan adadi, domin an ƙiyasta marfin 5D Mark III da na D750 a kan ƙiftawa 150,000, ko da yake wasu suna wuce haka, wasu kuma su gaza.

Ƙanena dai mai madubin cikin ya ɗauka, bayan an duba an ga ba ta ci rabin ƙiftawarta ba, ragowar kuɗin kuma ya sa a gilashi mai milimita 50 da batir na biyu. Abin da ya ƙarfafa masa gwiwa shi ne bakin gilashin Canon na EF, wato wurin da gilashi ke haɗuwa da jikin kyamara, yana nan tun 1987, don haka tsofaffin gilasai ba su da wuyar samu, kuma duk ranar da ya koma marar madubin ciki akwai mahaɗin da zai ɗora su a kai. Za ku lura cewa tun daga farko nake cewa "faifai" a madadin "sensor", kuma ban gamsu da shi ba, domin kunnen dattawa zai tafi ga faifan garmaho, na mata kuma ga faifan rufe ƙwarya. Malamai, wanda yake da wadda ta fi wannan ya taimaka mana da ita.