Yadda muka shirya yaranmu a gida domin gasar lissafi

Wata uwa daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makaranta ta zaɓi 'yata, wadda take ƙaramar sakandare, cikin masu shiga gasar lissafi ta Cowbellpedia, kuma saura makonni shida a yi zagayen farko. Rabona da lissafi tun da na bar makaranta, mahaifinta kuwa ba ya dawowa daga kasuwa sai bayan isha'i. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shirya yaro a gida ya gaya mana abin da ya yi da abin da ya gani.

Wani uba daga Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kuskuren da na tafka da ɗana shi ne saurin ba shi amsa, domin da zarar na ga ya yi shiru yana cizon biro sai tausayi ya kama ni in karɓi takardar in nuna masa hanya, washegari kuma a kawo irin tambayar ya kasa. Ranar da na daina, na ce ya tara mini lambobi daga 1 zuwa 100, na kama bakina. Ya fara tarawa ɗaya bayan ɗaya, ya gaji, ya ajiye, sai a rana ta biyu ya zo da gudu yana cewa 1 da 100 suna ba da 101, haka ma 2 da 99, kuma irin wannan haɗin sau 50 ne, wato 5,050. Har yau bai manta ba, alhali duk abin da na warware masa da hannuna ya bi iska.

Wani malamin lissafi mai ritaya:
Maganar Alhaji gaskiya ce, sai dai ya kamata Hajiya ta san cewa gasa iri biyu ce. Akwai ta zurfin tunani, kamar wadda Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja take shiryawa domin tace masu wakiltar Najeriya a gasar duniya. Ita wannan ta duniya, wadda aka fara a Romaniya a 1959, tambaya shida kawai ake bayarwa cikin kwana biyu, kowace rana awa huɗu da rabi. Wadda 'yarki za ta shiga kuwa tana buƙatar sauri, domin a matakin talabijin akan ba yaro sakan 60 ya amsa iya abin da zai iya. Abin da na yi wa jikata shi ne raba lokaci: bayan asuba minti 20 na lissafin ka, ba kalkuleta, ina riƙe da agogo, sannan a ƙarshen mako tambaya ɗaya mai wuya ba tare da an ƙayyade lokaci ba. Na kuma lura cewa yawancin tambayoyin da take faɗi Turancinsu ne bai shige ta ba, saboda haka nakan sa ta fara bayyana mini tambayar da Hausa kafin ta taɓa biro.

Wata uwa daga Katsina:
Yaya, kada rashin ilimin lissafi ya karya miki gwiwa, ni ma karatuna bai yi nisa ba. Shinkafa nake sayarwa a gida, sai na mayar da 'yata mai ba da canji. Idan aka sayi mudu 7 a kan naira 1,800 aka miƙo 15,000, ta koyi ta lissafa a kan 2,000 ta samu 14,000, ta cire 1,400, ta ce 12,600 ne, canji 2,400. Kakanta kuma ya zana mata hatimi mai gida tara, ya ce ta jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi zai ba da 15, yana gaya mata cewa malamin garinmu Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, littafi guda ya rubuta a kan wannan fanni. Ban taɓa hana ta zuwa Islamiyya saboda gasa ba, kuma ƙarfe tara nake karɓe littafin ta kwanta.

Uwar da ta yi tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Gobe zan je makarantar in karɓo tsofaffin tambayoyi, kuma tun daren nan na ba ta tambayar haɗa 1 zuwa 100, tana can tsakar gida da takardarta.