Masu sa ido ne ko masu sa baki?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Abin da na faɗa jiya a majalisa ina nan a kansa: duk kuɗin da Amurka da Turai ke zubowa wai don ƙarfafa dimokuraɗiyya, katsalandan ne aka sa wa babbar riga.

Malama: Wa alaikumus salam. Yaya, "duk" ɗin nan ta yi nauyi. Na yi aikin sa ido a zaɓen 2019, kuma da tallafin waje aka horar da mu. Abin da aka koya mana shi ne mu tsaya har a gama ƙirga, mu ɗauki hoton takardar sakamako. Ba wanda ya raɗa mini sunan jam'iyya.

Ɗan Fagge: Ai ba ke ake saye ba, ƙanwata. NED, gidauniyar Amurka mai tallafa wa dimokuraɗiyya a ƙasashen waje, da aka kafa a 1983, majalisar dokokin Amurka ce ke ba ta kuɗi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dubi Masar. A 2013 sojoji suka tumɓuke Mursi, zaɓaɓɓen shugaba, Amurka ta ƙi ko da kiran abin juyin mulki, don kada dokarta ta sa ta tsayar da dala biliyan 1.3 da take ba sojojin ƙasar duk shekara.

Baba Alhaji: Nan kusa ma. An kifar da Bazoum, shugaban Nijar, 26 ga Yuli 2023, Amurkawa ba su ce juyin mulki ba ne sai Oktoba, suna ta lallaɓa sansaninsu na Agadez.

Malama: Gaskiya ne, Baba, ban musa ba. Amma Yaya ya tuna mazaɓar Gama ta Kano? Zaɓen cike gibin Maris 2019, ranar da matasa da gora suka cika rumfuna. Da Tarayyar Turai ta fitar da rahoto, wa ya fara turo mana shi nan, har da "Allah ya saka musu"?

Ɗan Fagge: Wannan daban.

Auta: 😂 Daban saboda naku aka murɗe, Yaya. Ɗan adawa ya yabe su, in ya hau ya zage su. A 2023 fadar shugaban ƙasa ce ta yi fatali da rahoton masu sa ido na Tarayyar Turai.

Malama: To, Trump ya rufe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, a 2025. Wa zai horar da masu sa ido na 2027?

Ɗan Fagge: Gwamnati mana, ta hannun hukumar zaɓe, INEC.

Malama: INEC ta ɗauki nauyin masu sa mata ido?