Duba zoben ido don gano cuta: abin da aka tsayar

An yi ta muhawara kan ko za a iya dogara da iridoloji, wato duba zanen zobe mai launi da ke kewaye da ɗigon tsakiyar ido don gano ciwon hanta, ƙoda ko zuciya. Akasarin masu magana sun ce kada a dogara da shi.

Likitan Hangari, Ignaz von Peczely, ya assasa shi a ƙarni na 19, amma gwaji ya kunyata shi. A 1979 a Amurka aka ba masu wannan sana'a uku hotunan idanun mutum 143, suka kasa bambance masu ciwon ƙoda da lafiyayyu. Gwajin 1988 a Holan kan ciwon madaciya ma haka ya ƙare. Hujjar da ta fi gamsar da ni: zanen nan da wuya ya canza tsawon rayuwa, shi ya sa ake tantance mutum da shi kamar zanen yatsa. To ta yaya zai nuna cutar da ta shigo jiya?

An ja kunne kada a ɗauka iridoloji ɗaya ne da aikin likitan ido, wanda ke iya hango illar ciwon suga da hawan jini a can cikin ido. Wanda mai duba zoben ido ya ce masa hantarsa ta taɓu, ya je asibiti a auna jininsa kafin ya sayi wani magani, kuma kada ya ajiye wanda likita ya rubuta masa.