"Teku ba ya fari": ƙauyen noma ko ƙauyen masunta?

Auta: Salamu alaikum mutanen gida. Zaman birni ya ishe ni, kuma aikina yanzu kwamfuta da intanet kawai yake buƙata. Ƙauyuka biyu nake dubawa. Ɗaya na manoma ne can nesa da gaɓa, ɗaya kuma a bakin teku, yana da 'yar tashar jiragen masunta. Zuciyata ta fi kwantawa da na biyun. Gona sai ta jira damina, teku kuwa ba ya fari. Garin da kuɗi ke shiga kullum ya fi garin da ke jiran kaka. Mai ja ya fito.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, wa ya gaya maka teku ba ya fari? Ruwan dai ba ya ƙafewa, amma ai ba ruwan ake sayarwa ba. Mutanen tsibirin Newfoundland a Kanada sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin arzikin kifin da ake kira kod. A 1992 gwamnati ta dakatar da kamunsa saboda ya kusa ƙarewa, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a lokaci guda. Teku na nan cike fal, ƙauyuka suka yi ta watsewa. Manomi idan damina ta ƙi bana, yana sa rai baɗi. Su sun shekara fiye da talatin suna jira.

Auta: Allah ya ja kwana Kawu, ai wannan ƙasa ɗaya ce.

Kawu: Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da kashi ɗaya cikin uku na garkunan kifin teku da take bibiya ana kama su fiye da yadda suke hayayyafa. Wannan ba ƙasa ɗaya ba ce.

Yaya Babba: Kawu a yi mini afuwa, ni ina bayan Auta, amma ba don hujjarsa ba. Ku dubi hanya. Hatsi yana iya kwana a rumbu wata da watanni, shi ya sa ƙauyen noma zai yi shekaru ba wanda ya damu da titinsa. Ɗanyen kifi ba ya kwana. Duk inda jirage ke sauke kaya, dole mota ta iso, dole a samu ƙanƙara, ita kuma ƙanƙara sai da wuta. Dillali yana son ya kira kasuwa kafin ya saya, to layin waya ma zai biyo baya. Wanda abincinsa ke kan intanet, waɗannan su ne gonarsa. Ga kuma yanayi: ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa, saboda haka bakin teku ba ya ƙuna da rana kamar tsakiyar ƙasa, ba ya daskarewa da dare. Da la'asar iska ta taso daga teku, ko fanka ba ka nema.

Injiniya: Wannan iskar da Yaya ke yabo ita ce matsalata. Gishiri take ɗauke da shi. Na taɓa duba wani gida da ke fuskantar teku, fentinsa sabo, amma da na ɗaga kai ƙarƙashin baranda sai ga rodi a fili, ja wur, kankare ya ɓare a gefensa kamar ɓawon itace. Gishirin yana ratsa kankare har ya kai ga ƙarfe, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga abin da ya rufe shi. Kwanon rufi, ƙusa, makullin ƙofa, ƙasan mota, duk haka. Auta, kwamfutarka ma tana da fanka a ciki, kuma wannan iskar za ta yini tana zuƙa.

Abu na biyu rijiya. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. A ƙarƙashin ƙasar gaɓa, ruwan daɗi yana zaune ne a saman na gishiri don ya fi shi rashin nauyi. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce, idan aka zuƙe ruwan daɗi ya sauka da mita 1, na gishirin zai iya tasowa da kusan mita 40. Kowa ya haƙa burtsatse ya sa injin, wata rana a wayi gari rijiyoyin unguwa duk zartsi. Kuma idan rijiya ta yi zartsi, dawo da ita ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Yaya Babba: Injiniya, ƙauyen noma fa rijiyarsa ba ta ƙafewa da rani?

Injiniya: Tana ƙafewa Yaya, sai a ƙara mata zurfi. A bakin teku ƙarin zurfin ne ke jawo gishirin.

Goggo: Ni tsoron ƙasar da gidan zai zauna a kai nake ji. Tsakanin 1901 da 2018 ruwan teku ya ƙara hawa sama da kusan santimita 20. A ido ba wani abu ba ne, sai ranar da guguwa ta haɗu da babbar cikar teku (hawan da ruwa ke yi kan gaɓa kullum kafin ya janye) ta tsayuwar wata ko ta tsakiyarsa. A Saint-Louis ta Senegal, a 2003, an yanka mashigi mai faɗin mita 4 a zirin yashin da ya raba kogi da teku don ambaliya ta samu mafita. Mashigin ya yi ta buɗewa har ya kai kilomitoci, ƙauyen Doun Baba Dieye ya tashi gaba ɗaya. Gona ko ta gaji, tana nan inda ka bar ta.

Auta: Goggo na ji, amma ni ba masunci ba ne. Ko kifi ya ƙare, albashina ba daga koma yake fitowa ba.

Malama: Ƙanena, naka ba daga can yake fitowa ba, amma na mai shago, mai mota da mai gyaran wuta daga can yake. Idan masunta suka tashi, yara sun ragu, makaranta ta rufe, motar haya ta daina zuwa. Sai ka zauna kai da intanet ɗinka. In kuma garin na da kyan gani, wata matsalar ce ke jira: baƙi masu kuɗi su saye gidaje, su zo hutu su tafi, 'yan gari su kasa samun wurin zama. A 2016 mutanen St Ives a Ingila sai da suka kaɗa ƙuri'a cewa sabon gida ba za a sayar da shi ba sai ga wanda zai zauna a ciki dindindin. Ka san da wane ido za a kalle ka ranar da ka sauke kaya.

Kawu: Kuma wai hutu yake nema! Cikar teku tana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Ƙaramar tashar da ruwa ke janyewa ya bar jirage kan taɓo, lokacin fita ba ya hannun kowa. Wannan makon da hantsi, wani makon ƙarfe uku na dare injuna na ruri a bayan tagarka.

Yaya Babba: Kawu, shirun ƙauyen noma ma yana da ranar da ba a son sa. Ruwa ya cinye gada, mara lafiya na kwance, babu motar da za ta shigo. Ban ga an amsa mini wannan ba.

Kawu: Ban musa ba. Amma hanya ana gina ta. Ban taɓa jin an mayar da teku baya da takardar koke ba.

Auta: To na janye maganar fari, amma ban janye ƙauyen ba. Ba zan sayi gida ba tukuna, haya zan kama.

Injiniya: In haka ne kada ka je lokacin da teku ke kwance. Je ka a watannin guguwa. Ka nemi gida a kan tudu, ba layin farko ba. Ka ɗanɗani ruwan rijiyar da bakinka, ka duba ƙasan katangun maƙwabta ko akwai layin da ruwa ya taɓa tsayawa, ka tambayi tsofaffi ina bakin ruwa yake lokacin suna yara. Ƙauyen noman kuma ka je shi a tsakiyar damina, da motarka, ba da ta wani ba.

Goggo: Duk kun yi ta gishiri da kifi. Auta, asibitin da ake iya yin tiyata cikin dare, nisansa nawa daga kowanne cikin biyun? Ka binciko ka faɗa mana kafin ka ba kowa kuɗin haya.