Ina Neman Shawara Kan Gyaran Tsofaffin Gangunan Ludwig

Mai-Ganga: Assalamu alaikum. Na sayi saitin gangunan kamfanin Ludwig na shekarun 1960 waɗanda suka daɗe a ajiye. Ƙarafunan sun yi tsatsa, rufin roba da ke jikin kangon, wato katakon jikin gangar, kuma ya fara ɗagowa. Shin ya dace in yaye rufin in sa sabo?

Dattijo: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yaye shi. A wancan zamani kamfanin, wanda aka kafa a Chicago a 1909, yakan cusa bakin rufin cikin mahaɗar katakon, saboda haka wanda ya fizge shi da ƙarfi yana iya tsaga kangon, sannan darajar gangar takan faɗi idan an raba ta da rufinta na asali. Ka shafa gam kaɗan a inda ya ɗago, ka matse shi har ya kwana.

Kande: Malam, ka kwance ƙarafunan, ka jiƙa kusoshin cikin ruwan khal, ka goge su, ka busar da su sosai kafin ka shafa mai.

Baban Sadiq: Abin da ya fi damuna shi ne bakin kangon, domin a kansa fata take zama, kuma daga nan amo yake gyaruwa ko ya lalace. Ka kifa gangar a kan gilashi, ka kunna tocila a ciki. Duk inda haske ya ɓullo, bakin ya karkace. Idan kana Arewa, ka nisanta ta daga rana da iskar hunturu, domin bushewa tana raba yadudduka uku na katako da aka haɗa aka yi kangon.