MPI zalla, ko a haɗa shi da OpenMP? Muhawarar 'yan Jidda

Injiniya Sani: Jama'a, ina nan a kan bakana: haɗa MPI (raba aiki ga furoses da yawa masu aika wa juna saƙo) da OpenMP (raba aikin furoses ɗaya ga zaruruwa masu amfani da memori ɗaya) wahalar banza ce. Nod ɗin (na'ura guda ke nan) Shaheen III, babbar kwamfutar jami'ar KAUST da ke Thuwal a Saudiyya, ƙwayoyin lissafi 192 gare shi, cif ɗin AMD biyu masu 96-96. A ba kowace ƙwaya furoses ɗinta, wato kwafin shirin da ke gudana a kanta, shi ke nan. Saƙon da bai bar nod ba ai ta memori yake bi.

Dokta Hadiza: Malam Sani, yi lissafin gefe tukuna. Furoses mai riƙe da jerin bayanai 64×64×64, in ka ƙara masa layi biyu na kwafin bayanan maƙwabta ta kowane ɓangare, ya zama 68×68×68, ƙarin memori kashi 20 cikin ɗari ke nan. Mai da su furoses 8 masu zare 24-24, sai ƙarin ya sauko kusan kashi 7. Ga kuma MPI_Alltoall, inda kowa ke aika wa kowa saƙo, wanda yawan saƙonninsa ke ninkuwa huɗu duk lokacin da furoses suka ninku biyu.

Injiniya Sani: In don memori ne, MPI-3 ya kawo MPI_Win_allocate_shared tun 2012. Teburi ɗaya, kowa a nod ya karanta.

Auwal: Dokta, da gaskiyarki, amma zaren nan shi ke kayar da mutane. Linux yana ajiye shafin memori ne kusa da ƙwayar da ta fara taɓa shi. In zare ɗaya ya cika jerin da sifili, duk kayan sun tare a yankin NUMA guda, wato memorin da ke kusa da wasu ƙwayoyi kaɗai, sauran zaruruwan su yi ta layi kamar masu jiran ruwan Zamzam. Dole madaukin cikawar ya zama na OpenMP, da rabo iri ɗaya da na lissafin. Sannan a ɗaure kowane zare a ƙwayarsa da OMP_PLACES=cores da OMP_PROC_BIND=close, kuma ƙwayoyin da aka ware wa furoses (--cpus-per-task) su dace da yawan zaruruwa (OMP_NUM_THREADS), in ba haka ba zare 24 su cunkushe a ƙwaya ɗaya.

Injiniya Sani: Ka ji ko? Kuma da MPI_THREAD_FUNNELED zare ɗaya ke aika saƙo, 23 na zaune hannu rungume.

Dokta Hadiza: Sai in ka bar su. A fara da MPI_Irecv da MPI_Isend, masu karɓa da aika saƙo ba tare da tsayawa jira ba, sauran su lissafa ciki, gefe ya jira MPI_Waitall ya tabbatar saƙonni sun iso. MPI_THREAD_MULTIPLE kuwa, inda kowane zare ke iya aika saƙo, a yi hattara, makullansa na cin lokaci.

Auwal: Malam, gwada 192×1, 24×8 da 8×24 (furoses × zare a kowane nod) a nod 4, sannan a nod 64, ka turo mana lokutan bayan Isha.